Raye-rayen ganga a ƙasar Hausa

Raye-rayen ganga su ne raye-rayen gargajiya da ake takawa da kiɗan ganguna, kamar gangar noma da kalangu da dundufa da talle, a arewacin Nijeriya da kudancin Nijar da kuma zangon Hausawa na sauran ƙasashen Afirka ta Yamma. Yawancinsu suna da masu su: akwai rawar manoma, da ta mahauta, da ta maƙera, da ta mafarauta da 'yan tauri, da kuma ta samari da 'yan mata a dandali. Kowace tana da gangarta da lokacinta, kuma a da ba a taka ta sai da dalili, ko gayya, ko bikin aure, ko naɗin sarauta, ko sallah, ko kalankuwa bayan an kai amfanin gona gida. Tun daga shekarun 1970 gwamnatoci suka fara ɗaukar wasu daga cikinsu a matsayin kayan gado, suna kafa ƙungiyoyin rawa da ke wakiltar jiha a bukukuwan ƙasa. Wasu raye-rayen sun samu sabuwar rayuwa ta wannan hanya, wasu kuma suna ɓacewa tare da sana'o'in da suka haife su.

Ma'anar kalmomi

Kalmar ganga tana da ma'ana biyu. A faɗaɗe, duk abin kiɗan da aka fafe aka rufe bakinsa da fata ganga ne. A taƙaice kuma, ganga ita ce mai baki biyu da ake ratayawa a kafaɗa, a buga ta da sanda mai lanƙwasa, ɗaya hannun yana taɓa fatar. Jikin gangar da masassaƙi ya fafe shi ne kango, fatar da aka rufe bakin da ita kuma samfara. Sandar bugun sunanta makaɗi, mai bugun ma sunansa makaɗi. A rubuce kalmomin iri ɗaya ne, amma a baki karin sautinsu ya bambanta, jam'insu ma haka: mutane makaɗa, sanduna makaɗai.

Yadda ganga ke magana

Hausa harshe ne mai karin sauti. Kowace gaɓa tana ɗauke da sautin sama, ko na ƙasa, ko mai faɗuwa, kuma wasali yana iya zama dogo ko gajere. Da wannan ne ake rarrabe kukan yaro da kukar miya: a na farko gaɓoɓin biyu duka suna sama, a ta biyu gaɓar ƙarshe tana sauka. Ganga ba ta iya furta baƙi ko wasali, amma tana iya kwaikwayon hawa da saukar murya da tsawon gaɓa. Wadda ta fi kowace iya wannan ita ce kalangu. Tsakiyarta siririya ce, bakunanta biyu kuma an haɗa su da igiyoyin fata da ake kira tsarkiya. Makaɗi yana saƙale ta a hammata; in ya matse, samfara ta ɗaure, sauti ya hau, in ya saki sauti ya sauka. Kotso da jauje, waɗanda kayan kiɗan fada ne, su ma da tsarkiya suke aiki.

Abin da gangar ke faɗa shi ake kira take. Take gajeriyar magana ce ta yabo ko zuga ko habaici da aka keɓe wa mutum ɗaya, ko gida, ko sarauta, ko sana'a. Idan aka kaɗa taken manomi a bakin gona, ko na ɗan dambe a fage, mai shi yakan ji tsikar jikinsa ta tashi, ya fito ya yi kirari ya taka rawa, sannan ya yi wa makaɗi kyauta. A irin wannan wuri rawar amsa ce ga maganar da aka yi wa mutum a bainar jama'a.

Sai dai maganar ganga tana da iyaka, kuma wannan iyakar ce ta sa adana ta ke da wuya. Jimloli da yawa na Hausa suna iya zuwa da karin sauti iri ɗaya, don haka kunne ba zai iya gano kalmomin daga bugun kaɗai ba. Sai wanda ya riga ya san maganar, ya taso yana jin ana kaɗa ta ana fassarawa, shi ne zai ji ta a matsayin magana. Baƙo zai ji kiɗa mai daɗi kawai. Ke nan idan aka ɗauki sautin take a faifai ba tare da an rubuta kalmominsa da sunan mai shi ba, rabinsa aka ɗauka. Ranar da dattawan da suka san fassarar suka ƙare, faifan ba zai iya faɗa wa kowa abin da gangar take cewa ba.

Kiɗan noma

A ƙauyukan ƙasar Hausa babu gangar da ta kai gangar noma shiga rayuwar jama'a. Babba ce, muryarta tana kai wa nesa, kuma wurin aikinta gona. Idan mai gona ya kira gayya, ko don noman surukai, ko gonar mai gari, ko ta wanda rashin lafiya ya kwantar, samari sukan jeru kowa da kunyarsa, makaɗa suna biye da su a baya. Kiɗan yana daidaita saran garma yadda hannuwa za su tashi tare su sauka tare. Wanda ya wuce gaba a kaɗa takensa, wanda ya sare a yi masa habaici da ganga har sai ya miƙe. 'Yan mata suna gefe da ruwa da fura suna guɗa. In an tashi daga aiki sai a koma rawa, a nan ne 'yan hoto ke nuna bajinta, su cilla garma sama su cafe tana juyawa.

Kiɗan yana da alaƙa da sarautar noma. Manomin da ya tara dami dubu a shekara ɗaya yakan yi bikin dubu, ya raba hatsi da dukiya, a naɗa shi Sarkin Noma, daga nan kuma yana da takensa har ya mutu. Bafaranshen nan mai nazarin al'umma, Guy Nicolas, ya yi rubutu a kan wannan biki a kwarin Maraɗi. Wasu manyan makaɗan fada ma daga gona suka faro. Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, ɗan makaɗin noma ne, kuma da kiɗan noma ya buɗe ido kafin ya shahara da kotso a gaban sarakuna.

Yau gayya ta ja baya sosai. Garmar shanu da tarakta da maganin feshi na kashe ciyawa sun rage yawan hannuwan da gona ke bukata, abin da ya rage kuma 'yan ƙwadago ake biya su yi. Wanda aka biya kuɗin yini ba ya bukatar a zuga shi da take, mai gona ma ba zai ƙara kuɗin makaɗi a kan kuɗin aiki ba.

Sauran sana'o'i

Kalangu na mahauta ne tun asali. Da shi ake sanar da gari cewa an yi yanka, da shi ake hawan ƙaho, kuma da shi ake kiɗan dambe, wanda shi ma wasan mahauta ne kafin ya zama na kowa. Muhammadu Bawa Ɗan'anace da kalangu ya yi wa Shago da sauran 'yan dambe kiɗa, Mamman Shata kuma, wanda ya rasu a 1999, ya fitar da kalangu daga hannun sana'a ɗaya ya kai shi ko'ina. Maƙera suna da dundufa, doguwar ganga da ake kafawa a ƙasa, kuma da kiɗanta suke wasa da wuta da jan ƙarfe. Mafarauta da 'yan tauri suna da talle. Mata a cikin gida suna da kiɗan ƙwarya, inda ake kifa ƙwarya a kan ruwa ko a ƙasa a buga, wanda daga cikinsa amada ta fito, irin ta Barmani Choge ta Funtuwa da ta rasu a 2013.

Takai rawar samari ce ta da'ira: kowa yana riƙe da sanda, ya juya ya buga ta wanda ke gabansa, ya sake juyawa ya buga ta na bayansa, ƙarar sandunan ta zama wani ɓangare na kiɗan. Dagombawan arewacin Ghana ma suna da rawa mai wannan suna, suna yin ta da sandunan ƙarfe da manyan riguna masu buɗewa idan an juya, da ganguna biyu masu kama da kalangu da ganga.

Tambari dabam yake. Na sarki ne shi kaɗai, ana buga shi a naɗin sarauta da daren sallah, a da kuma da fita yaƙi. Ba a yi shi don rawar dandali ba.

A ƙasar Haɗeja

Masarautar Haɗeja ta ƙunshi ƙananan hukumomi takwas na Jihar Jigawa: Haɗeja, Auyo, Birniwa, Guri, Kafin Hausa, Kaugama, Kiri Kasamma da Malam Madori. Yanki ne da Hausawa da Fulani da Mangawa da Badawa suka daɗe suna zaune tare, a kan iyakar ƙasar Hausa da Barno, shi ya sa kiɗansa ya ɗebo daga ɓangarori biyu. A hawan sallah ana jin tambura da kakaki, ana kuma jin algaita da gangunanta, wadda ta fi ƙarfi a fadojin gabas. Fulani suna da sharo ko shaɗi, inda saurayi ke tsayawa a tsakiyar fili ana kiɗa a tsula masa bulala bai motsa ba. Masunta suna da nasu kiɗan, kuma a ƙasan kogin, a Jihar Yobe, Badawa suna yin bikin kamun kifi na Gogaram. Mawaƙin da ya fi fitar da sunan Haɗeja a rediyo, Haruna Uji, ba ma da ganga ya yi suna ba, da gurmi ne.

Lokacin wasa a wannan yanki, kamar sauran ƙasar Hausa, shi ne kaka. A da, in an girbe gero da dawa, an cire gyaɗa an kai tashar jirgin ƙasa ta Malam Madori da ke kan layin Kano zuwa Nguru, kuɗi ya shigo hannu, aiki kuma ya yi sauƙi. A lokacin ake ɗaura aure, a yi kalankuwa, 'yan dambe da 'yan kokawa su riƙa bin garuruwa da makaɗansu. Wannan hutun ya ragu. Madatsar ruwa ta Tiga da aka gama a 1974 da ta Challawa a 1992 sun sauya yadda kogin Haɗeja ke cika da janyewa, noman rani na shinkafa da alkama da kayan lambu ya bunƙasa a fadamu da kuma aikin noman rani na kwarin Haɗeja da ke wajen Auyo. Manomin da ya gama girbin damina yanzu injin ban-ruwa yake nema. Samarin tudu da ba su da fadama kuma sukan tafi ci-rani birane. A shekarun da ambaliya ta cinye gonaki, kamar 2020 da 2022, babu ma amfanin da za a yi wa biki.

Malamai da hukuma

Jayayya a kan kiɗa tsohuwa ce. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da almajiransa, waɗanda suka fara jihadi a 1804, sun yi rubutu suna sukar kiɗan wasa da cakuɗuwar maza da mata a wurin rawa, amma sun bar ƙofa ga gangar yaƙi da ta sanarwa da kiɗan shelar aure. Duk da haka kiɗan sana'a da na fada sun ci gaba a ƙarƙashin daular Sakkwato. Bayan dawo da shari'ar Musulunci a jihohin Arewa, ciki har da Jigawa a shekarar 2000, rawar dandali ta dare, wadda samari da 'yan mata ke haɗuwa a gaban mai kalangu, ita ce ta fi shan matsi, kuma a garuruwa da yawa makarantun Islamiyya na dare sun maye gurbinta. Kiɗan da ba ya haɗa maza da mata, kamar na dambe da na fada, bai gamu da irin wannan ba.

Akwai kuma matsayin makaɗin kansa. A al'adar Hausa kiɗa yana cikin roƙo, maroƙi kuma ana jin daɗinsa ana ba shi kyauta, amma gidaje da yawa ba sa son haɗa aure da shi. Sana'ar gado ce, uba ya koya wa ɗa tun yana riƙe ƙaramar ganga a bayansa. Ɗan makaɗin da ya yi boko ko ya samu jarin kasuwanci ba kasafai yake komawa ga gangar gidansu ba, kuma da wuya a ga laifinsa.

Ƙoroso

Rawar da aka fi sani a yau da sunan rawar Hausawa ita ce ƙoroso, kuma ita ce misali mafi bayyana na rawar da hukuma ta raina. An tsara ta a Kano a farkon shekarun 1970, zamanin gwamna Audu Baƙo, lokacin da ƙasar Haɗeja da sauran Jigawa ta yau suke cikin Jihar Kano (an ƙirƙiri Jigawa a ranar 27 ga Agusta, 1991). Bayan yaƙin basasa gwamnatin tarayya ta fara bikin fasaha da al'adu na ƙasa a 1970, kowace jiha kuma tana bukatar abin da za ta nuna. Sai aka tattaro salon taku daga raye-rayen Fulani da na Hausawa aka haɗa su wuri ɗaya. Sunan ya fito daga kacau-kacau ɗin da masu rawar ke ɗaurawa a ƙafa. Ana yin ta bibbiyu, namiji da mace, da tsalle da lanƙwasa jiki, da kiɗan ganga da sarewa da lalajo. Ƙungiyar rawar jihar tana ƙarƙashin Hukumar Tarihi da Al'adu ta Kano da ke Gidan Ɗan Hausa. Bikin FESTAC na 1977, wanda aka yi a Legas tare da babban hawan dawaki a Kaduna, ya ƙara wa irin waɗannan ƙungiyoyi daraja.

Ƙoroso ta yi nasara ƙwarai. Ana koyar da ita a makarantu, ana yin ta a tarbar baƙi, finafinan Hausa ma sun ɗauka. Amma rawa ce ta kallo: masu rawa suna gaba, 'yan kallo suna zaune, an auna mata mintuna. Ba a kaɗa taken kowa a cikinta, babu wanda zai taso daga cikin taro don an kira sunan kakansa.

Wata hanyar ta dabam ita ce ta kokawa a Nijar. Tun 1975, da aka fara a Tawa, gwamnati ke shirya gasar kokawa ta ƙasa da ake ba zakara takobi, jihohi suna karɓar baƙuncinta bi da bi. Da yake gasar ta gaske ce, akwai kaye akwai kunya, makaɗa da kirari sun ci gaba da aikinsu na asali a cikin fili. Dambe ma a Nijeriya ya samu sababbin 'yan kallo ta YouTube, kuma duk inda aka sa zare kalangu yana nan.

Rajistar kayan gado da misalin Japan

A 2003 hukumar UNESCO ta amince da yarjejeniyar kare al'adun gado waɗanda ba a taɓawa da hannu, Nijeriya kuma ta shiga a 2005. Daga Arewa an sa bikin kamun kifi na Argungu a jerin a 2016, wasan Kwagh-hir na Tibi a 2019, sai hawan sallar Kano a Disambar 2024. Nijar ta shigar da wasan barkwanci tsakanin ƙabilu a 2014. A Argungu da Kano duka akwai makaɗa, amma bukukuwan aka yi wa rajista, kuma dukansu suna da fada da gwamnati a bayansu. Kiɗan noma da takai da dundufa ba su da irin wannan gata.

Ƙasar da aka fi ba da misali da ita wajen adana rawar ƙauye ita ce Japan. Ta yi dokar kare kayan al'adu a 1950, bayan gobarar da ta lalata zanen bangon tsohon wurin ibada na Horyu-ji a 1949. A 1975 aka gyara dokar yadda za a iya yi wa wasannin talakawa na karkara rajista. A can ma akwai raye-rayen ganga na manoma, inda mai rawa ke ɗaure ganga a ƙirji yana bugawa yana taka rawa, don roƙon ruwan sama, ko korar ƙwarin gona, ko tunawa da mamata. Abin lura a tsarinsu shi ne ba a kwaso rawar a kai babban birni. Ana rubuta ta da sunan garinta, a damƙa ta ga ƙungiyar mutanen garin, su ne masu koyar da yara, hukuma kuma ta taimaka da kuɗin gyaran ganguna da tufafi da ɗaukar hoto. Akwai rajistar ƙasa, akwai ta lardi, akwai ta ƙaramar hukuma, don haka rawar da ba ta kai a san ta a Tokyo ba tana iya samun shiga a garinsu. A Nuwambar 2022, a taron da aka yi a Rabat ta Maroko, UNESCO ta karɓi raye-raye 41 daga larduna 24 na Japan a ƙarƙashin suna ɗaya, Furyu-odori, kowace da sunan garinta. Bayan girgizar ƙasa da igiyar ruwa ta 11 ga Maris, 2011, ƙungiyoyi da dama a gabar tekun Iwate da Miyagi sun rasa ganguna da kayan rawa, kuma sake haɗa su yana cikin abubuwan da mutanen garuruwan suka fara yi.

Dokar ba ta magance komai ba. Ƙauyukan Japan sun tsufa, matasa sun koma birni, har wasu wuraren da a da maza kaɗai ke rawa sun buɗe wa mata da baƙi don kada layi ya yanke. A Fabrairun 2024 wurin ibada na Kokuseki-ji da ke Iwate ya yi bikinsa na Somin-sai karo na ƙarshe, saboda masu ɗaukar nauyinsa sun manyanta.

Matsalar ƙasar Hausa ta sha bamban da wannan. Matasa suna nan da yawa a kowane ƙauye. Abin da ya yi ƙaranci shi ne taron da za a kira makaɗi, da kuma mai son a kira shi makaɗi. Aikin rubutawa ya daɗe da farawa: David Ames da Anthony King sun fitar da ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya rubuta tarihin makaɗa da mawaƙa masu yawa, gidajen rediyon Kaduna da Kano kuma sun ɗauki faya-fayai tun shekarun 1960. Galibin wannan aiki ya fi karkata ga waƙa da shahararrun mawaƙa, domin waƙa tana da kalmomin da za a rubuta a takarda. Taku da juyi da taken gidaje na ƙananan garuruwa sun fi zama a ƙafafu da kunnuwan masu su. A bukukuwan aure na yanzu, har a ƙauye, mai kayan sauti da janareto ya fi mai kalangu samun kira, kuma a ranar al'adu ta makarantu da yawa yara suna taka ƙoroso ne da kiɗan da aka kunna daga waya.